Gonar Alƙali

A gidanmu na Ƙetaren Gwari, a Minna, ba a kashe wutar murhu da an sauke tuwo. Kakata Iya, mahaifiyar babanmu, takan tura doya cikin garwashi bayan magariba, mu yara mu kewaye ta muna jiran ta gasu. Daga nan ake jin kukan jirgin ƙasa, sai mu yi ta gardamar ko Baba na ciki, don shi ma'aikacin reluwe ne, mai duba birki.

Iya ba ta fara tatsuniya sai ta tsokane ni. "Maigida, yau ma ba cefane, ga ka a gaban doyata?" In na ce gobe, sai ta yi tsaki ta ce, "To, ga wata nan tafe, ku ba ta hanya."

Wadda ta fi maimaitawa ta wani gari ce a gindin dutse. Dattawa ke zama su yanka doka: ranar da za a ƙone daji, rijiyar da za a bari ta huta. Mai Sanda ke tabbatar an bi dokar, shi ke kama wanda ya karya. Sai alƙali, wani tsoho da ba ya kafa doka, ba ya kama kowa, nasa sauraro ne kawai. Al'adar garin ita ce alƙali ba ya cin hatsin kowa. An ware masa gona, kowane gida ya fitar da mutum ɗaya a yi masa gayya, don kada cikinsa ya koma hannun mutum guda.

Wata shekara ruwa ya makara. Da ya sauka, kowa ya ruga tasa gonar yana cewa ta alƙali sai jibi. Ciyawa ta cinye ta. Mai Sanda ya ga tsoho ya rame, ya fara aika masa da damin dawa. "Ba da mugunta ba, wallahi," in ji Iya, "tausayi ne." Dattawa ma yunwa ta watsa su, suka ce Mai Sanda ya riƙa yanka dokar kafin su dawo.

Ana nan sai Mai Sanda ya kama ɗan wata gwauruwa. Ta je gaban alƙali ta durƙusa ta ce, "Me ɗana ya yi?" Tsoho ya buɗe baki, ya waiga ya ga rumbunsa cike da dawar Mai Sanda, ya yi shiru. Matar ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki fartanya ta shiga gonar alƙali ita kaɗai. Kunya ta kama gari, suka bi ta. Da kaka ta yi, tsoho ya mayar wa Mai Sanda dawarsa, ya kira shi ya zo ya yi bayani, aka saki yaron. A nan muke yin tafi, Iya ta fasa doya.

Ina shekara tara, lokacin yaƙin basasa, sojoji sun riga sun karɓi mulki sun rufe majalisa, aka kama Baba a tasha. Ba wanda ya faɗa mana dalili. Wasu sun ce ya yi maganar wani jirgin soja a inda bai kamata ba. Ƙanensa, Baffa Sule, ya sa babbar riga ya tafi wurin lauya, ya dawo da la'asar ya tsuguna gaban Iya.

"Iya, ya ce dokar da aka kama shi da ita, ita kanta ta hana kotu tambaya."

"Wa ya yi dokar?"

"Su."

"Wa ya kama shi?"

"Su ɗin dai."

"Alƙalin fa, ya mutu ne?"

"Yana nan, Iya. Ba a bar masa ikon ji ba."

Da magariba, cikin wauta, na roƙi tatsuniyar. Ta yi ta a hankali har inda tsoho ya waiga ya ga rumbu, sai ta tsaya. Na ɗauka mantuwa ce. Na ce, "Sai ta ɗauki fartanya, Iya."

Ta dube ni. "Maigida, nuna min inda gonar take. Ko da rarrafe zan je."

Ba ta sake yin tatsuniyar ba. A damina ta biyu ta rasu, Baba bai dawo ba.

Da na girma na karanta abin da littattafai ke kira rabon iko: majalisa ta yi doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta duba su duka. Nakan ji mutane na ƙorafin cewa wannan tsari na da jan ƙafa, gara mutum ɗaya ya yanke a wuce wurin. Na san jan ƙafar gaskiya ne. Amma cikin wannan jinkirin ne tsohuwa ke samun wurin da za ta tsaya ta tambayi laifin ɗanta, kuma ya zama dole wani ya amsa.

An sako Baba bayan yaƙi, ba tuhuma, ba takarda. Ya je kabarin Iya kafin ya shiga ɗakinsa. Ya rayu har ya ga jikoki, kuma duk wanda ya tambaye shi abin da ya yi aka tsare shi, amsarsa ɗaya ce: shi ma yana jira a faɗa masa.