Dakta Nighat, Mai Korar 'Yan Dubiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dakta Nighat Andrabi, likitar ƙwaƙwalwa, a ƙaramin asibitinta da ke birnin Srinagar. Tana cikin duba takardar wani majinyaci ta ce ƙirjinta ya riƙe, ta zauna a kujerar masu jiran layi, ba ta sake tashi ba. Shekarunta hamsin da takwas. An yi jana'izarta bayan la'asar, dusar ƙanƙara na sauka.

Dakta, ni ce Dilshada, nas ɗin da ta shekara goma sha bakwai tana miƙo miki allura. Ba ki son yabo, don haka zan faɗi abin da na gani kawai. Ba ki da sauƙin zama. Gaisuwarki gajeriya ce, shayin gishirinki kullum sai ya huce kike tunawa da shi, kuma kin sa ni kuka sau biyu a shekarata ta farko.

Masu ciwon damuwar da ta gagari ƙwayoyi kike karɓa. Kina yi musu allurar ketamin, maganin nan na sa barci a ɗakin tiyata, wanda in an ba da kaɗan mutum ba ya barci, sai ya yi kamar minti arba'in yana ganin abin da ba ya nan. Wani tsoho ya ga mahaifiyarsa da ta rasu tana tsince shinkafa. Kina gefe kina rubutawa, ba ki taɓa yi wa kowa dariya ba. A gari ana cewa bugar da mutane kike yi. Da kika nemi izinin gwada sinadarin da ke cikin wani irin naman kaza mai tsirowa a ƙasa, shekara shida kina aika takardu, har yau kwafinsu na cikin aljihun teburinki ba amsa.

Abin da kike gaya wa kowane iyali guda ne: "Allurar nan tausasawa take yi, ba warkarwa ba. Kwana uku ƙwaƙwalwarsa za ta zama kamar kwaɓin gurasa, duk yatsan da ya taɓa sai ya bar shaida. Ku kula da wanda zai taɓa."

Mun ji, amma ba mu gane ba, har da ni. A farko mutane kan tafi gida da sauƙi, bayan mako su dawo kamar ba a yi komai ba, kin rasa dalili. A kan yayana Sonaullah kika gano. Masaƙin darduma ne. Ɗansa Irfan ya nutse a kogin Jhelum, tun daga ranar ya bar masaƙa, dardumar ta shekara huɗu a rataye rabi. Sau ɗaya muka tsinto shi a kan gada yana kallon ruwa, takalmansa a hannu. Kin yi masa allura, washegari kika biyo ni gida ba sanarwa. A ƙofa kika tsaya kina kallon takalma, ƙafa ashirin da uku. Dangi ne suka zo dubiya da lemo da tuffa, sun kwantar da shi sun lulluɓe, sun zagaye shi da kaskon wuta, kowa na kuka yana maimaita yadda aka tsamo Irfan, da kalar rigarsa, da yadda fuskarsa ta kumbura.

Kika ce, "Kowa ya ɗauki lemonsa."

Gwaggo Zoona, wadda ba a taɓa ɗaga wa murya a gidanmu ba, ta ce, "Ke 'yar nan, a wane gari aka raine ki? Mara lafiya a bar shi shi kaɗai kamar kare?"

"Gwaggo, ran Asabar ki dawo ki yi kukanki har ki gaji, ni zan dafa miki shayi. Yau dai ki tafi."

"Allah Ya shirye ki."

"Amin. Ga sandarki."

Kika yaye bargon, kika zaunar da Yaya gaban masaƙa, kika ɗauki takardar talim mai faɗa wa masaƙi launi da yawan ƙulli, kina karantawa a karkace. Kuskurenki ne ya sa shi magana. Ya ce, "Dakta, ja biyar ne, ba bakwai ba, za ki ɓata mini aiki." Ya miƙa hannu ya ɗauki zare.

Daga nan dokar ta fito: kwana uku bayan allura ba dubiya, ba gidan makoki, mutum ya koma ga aikin hannunsa. Da hannunki kike rubutawa a manna a ƙofar gida. Ta ja miki baƙin jini, akwai gidajen da suka daina gayyatarki biki. Amma masu dawowa da ciwon sun ragu, kuma Yaya ya gama dardumar. In an duba da kyau ana ganin layin da tsohon zare ya haɗu da sabo.

A sanyin bana ciwon ya dawo wa Yaya. Ya daina cin abinci, matarsa ta fara ɓoye masa takalma don kada ya koma gada. Ranar Litinin kika yi masa allura, kika ce mini, "Dilshada, kwana uku. Ko wa ya mutu." Ranar Talata kika rasu.

Ban gaya masa ba, ya rasa jana'izarki. A wajen mai gurasa ya ji ranar Laraba da safe. Ina tsakar gidanki ina zuba wa mata shayi aka ce ga Sonaullah a ƙofa. Ciki kuwa mutane sun fi ɗari, kuka na tashi ɗaki ɗaki. Na fita na tsaya a bakin ƙofar.

Ya ce, "Matsa."

"Yaya, yau kwana biyu."

"Matar da ta sauko da ni daga gada ce a ƙasa, ke kuma kina ƙirga mini kwana? Fatiha kawai zan yi."

"Ka yi ta a gaban masaƙa. Ita ce ta ce ko wa ya mutu."

"Ba ki da zuciya, Dilshada. Irinta kika zama."

Ya daɗe a tsaye yana kallon takalman da suka cika ƙofar, sannan ya juya. Na ji zafin maganar ƙwarai, kuma na ji tsoro, domin hanyar gidanmu ta kan gadar take bi. Na bi shi daga nesa. Ya tsaya a tsakiyarta, ni ma na tsaya. Can ya gyara ɗan kaskon wutar da muke riƙewa cikin riga saboda sanyi, ya wuce. Da na isa lungunmu na ji ƙarar ƙarfen da ake danne ƙulli da shi tana fitowa ta taga.

Allah Ya jiƙan ki, Dakta. Ya yafe miki kaifin harshenki, Ya karɓi aikinki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Qayoom, da 'ya'yanki Uzma da Haris, da majinyatanki arba'in da ɗaya da har yanzu ban san wa zan miƙa wa takardunsu ba. Allah Ya ba mu haƙuri.

Malam Qayoom, ka tambayi dalilin da ba a ga Sonaullah wajen zaman makoki ba. Ka yafe masa, ni na hana shi. Ranar Juma'a, da kwanakinsa suka cika, ya je kabarin shi kaɗai. Har yau ba ya yi mini magana, amma yana cin abinci, kuma sabuwar dardumar ta ƙaru da yatsu huɗu.