Shekarar da aka roƙi Mama ta bar cittarta a ƙasa

Ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan lokacin da masu bincike daga jami'a suka ɗauke ni tafinta. Shugabarsu wata dokta ce a fannin kasuwanci, mace mai fara'a, ba ta da girman kai ko kaɗan. Sun zo da wata rumfar leda mai busar da citta, don su ga ko za ta ƙara wa mata manoma ciniki. Mu dai a wajenmu tsaga citta ake yi a shanya a kan dutse ko bakin titi, raɓa ta jiƙa ta, awaki su bi ta kai, wata ma ta yi fumfuna.

Ƙuri'a aka jefa tsakanin ƙauyukan da ke kewayen Kwoi. Ƙauyen Anti, ƙanwar Mama, ya samu rumfa, namu bai samu ba. Amma fa kullum sai mun je namu ɗin mu duba cittar Mama, mu ɗauki hoto, mu yi mata tambayoyi kamar mai neman biza. Dokta ta yi mini bayani cewa sai an kwatanta masu rumfa da marasa rumfa kafin a san amfaninta. Na gyaɗa kai, amma ban gane ba sosai.

Matan zumuntar cocinmu kuwa ba ruwansu da ƙuri'a. A wajenmu abin da ya shigo gidan 'yar'uwa ya shigo naka. Ba a jima ba Mama ta fara ɗora buhuna a mashin tana kaiwa rumfar Anti, maƙwabta na biye da ita. Ranar da Dokta ta gano, zama ta yi a bakin rumfar ta dafe kai.

"Don Allah ki roƙe su su daina," ta ce da ni. "In babu bambanci, masu ba da tallafi za su ce rumfar ba ta aiki, kowa ya rasa."

Na je na faɗa wa Mama ina in-ina.

"Tsaya," ta ce. "Rumfa yana nan, wuri yana nan, amma citta na ya kwana a ƙasa?"

"Na bana kawai, Mama."

"Don su sani ko rumfa yana da kyau? Ai na gaya musu yana da kyau!"

Raina ya ɓaci, kuma har yau ban san da wa nake fushi ba. Dokta ba ƙarya ta yi ba, Mama ma haka. Mama ta daina zuwa, wai kada ta ɓata mini aiki. Da muka kai cittarta kasuwar Kachia, dillalai suka shinshina suka tura ta cikin ta baya, mai arha.

Da aka gama binciken, aka tara mu a wani zaure a Kafanchan. Dokta ta haska hotuna biyu a bango, ga citta fes, ga wata baƙa duk fumfuna. Bambanci ya fito, zaure ya ɗauki tafi. Mama na gefena cikin ankon zumunta, ta daɗe tana kallon baƙar cittar, don ta gane tata ce. Sai ta taɓa ni a hankali.

"To, na taimaka ke nan, ko?"