Kwanon Ruwan Ɗanliti

Duk wanda ya taɓa shiga motar Ɗanliti abu biyu yake tunawa. Na farko takalmin ƙafarsa ta hagu, da yake cirewa ya tura ƙarƙashin kujera kafin ya tayar da mota. Na biyu wani ɗan kwanon silba da yake cikawa da ruwa ya ajiye kusa da giyar motar. Ruwan ba na sha ba ne, ma'aunin tuƙinsa ne. Idan aka isa Ɗambatta ya tarar ya ɗiga, ranar ko gaisuwa ba ya amsawa da daɗin rai.

Asalin kwanon daga mahaifiyarsa ne, Inna Hure, wadda ginin tukwane ne sana'arta. Lokacin da Ɗanliti ya fara tuƙa a-kori-kura yana saurayi, ta ba shi randuna ashirin da huɗu, aikin wata guda, ya kai mata kasuwa. A hawan farko ya saki kuloci da ƙarfi, mota ta zabura, randuna suka haɗu da juna. Uku ne suka tsira. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi, amma tsugunawa kawai ta yi tana tsince fasassun tana zubawa a zaninta. Washegari ya ɗauki kwanon daga ɗakinta, kuma shekara talatin da wani abu bai sake fasa wa kowa ko ƙwai ɗaya ba.

Shi ya sa kayan da kowane direba yake gudu su ne nasa: tukwane, ƙwai, ƙoren nono, tsofaffi masu ciwon ƙugu, da mata masu naƙuda. Mu kuwa a tasha dariya muke yi masa. Ni Uwaisu, ni na laƙaba masa suna Sai-Gobe, kuma sunan ya bi shi. A lokacin bas nake ja, jinina yana tafasa, ina yin sawu uku kafin ya yi ɗaya. Gaskiya haushinsa nake ji, don mutum ne da ko ka zage shi murmushi zai yi maka.

Shekara shida da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar da take jin kuloci kamar yadda harshe yake jin gishiri ta zama sai an ja ta. Ya sayar da motar, ya koma zama a gindin darbejiyar bakin tasha. Ko idonsa a rufe yake, daga ƙarar sauya giya yake gane wanda yake tafe. In na wuce sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya, da bakinsa da ya karkace ya ce, "Uwaisu, wai me motar nan ta yi maka ne?" Ni kuma in ce, "Baba, sai gobe!" in taka totur in bar shi da hayaƙi.

Ranar da nake son ba da labarinta a tsakiyar damina ce, gero ya fi mutum tsawo. An kwana uku ana ruwa. Da hantsi ina wanke bas a ƙofar gida na ji wani irin gunji daga ciki, sai ihun mata. Katangar madafa ce ta jiƙe ta faɗo, matata Asiya tana tsugune tana hura wuta. Da hannu muka tone ta. Idonta biyu, tana salati, amma da na kama kafaɗarta zan ɗaga sai ta yi wata ƙara da har yau ban manta da ita ba.

Malam Sama'ilu, ma'aikacin ɗan asibitin ƙauyenmu, ya zo a guje. Ya shafa bayanta, ya mintsini yatsun ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce tana ji, duka biyun. Ya sa aka ciro ƙyauren ɗaki, muka ɗora ta a kai mu shida, aka ɗaure ta da zannuwa. Sai ya ja ni gefe.

"Ƙashin baya ne ya taɓu. Yanzu tana jin ƙafafunta. In ƙashin nan ya gusa a hanya, ba lallai ta sake takawa ba. Asibitin ƙashi za a kai ta a birni, kuma wallahi kar a girgiza ta."

Daga ƙauyenmu zuwa kwalta kilomita goma sha ɗaya ne na burji, kuma damina ta gama cinye shi. Ranar kasuwa ce, duk motoci sun fita tun asuba, in ma suna nan duk irin tuƙina suke yi. Na cire kujerun bayan bas ɗina, aka shigar da ita, Malam Sama'ilu ya durƙusa ya riƙe mata kai. Na zauna a gaban sitiyari, na kasa murɗa makulli. Na san kaina. Shekara goma sha biyar ina tuƙi, ban taɓa tashi da mota ba tare da fasinja sun yi baya sun dawo ba.

Fita na yi da gudu zuwa gindin darbejiya. Ban ma gaishe shi ba, zubewa na yi a gabansa. "Baba, ka rufa min asiri. Asiya ce."

Bai tuna min da komai ba. Ya ce a je gidansa a karɓo kwanon, ni da wani maƙwabci muka cicciɓe shi muka sa a kujerar gaba. Aka cika kwanon, ya ɗora a cinyarsa ya riƙe da hannun dama.

"Cire takalmin," ya ce.

Na cire.

"Kafa diddigenka a ƙasa. Sa lamba ɗaya. Yanzu ɗago ƙafar kaɗan-kaɗan, har ka ji motar ta fara kamawa a tafin ƙafarka. Ka ji? To tsaya a nan, kar ka saki. Ba ta mai ɗan kaɗan. Ƙirga uku, sannan ka ƙarasa ɗagowa."

Motar ta tafi kamar ba ni nake ja ba. Na kalli kwanon, ruwan ko motsi bai yi ba.

Haka muka kama hanya tsakanin gonaki, yana magana ina bi. Ya hana ni kallon rami, ya ce in kalli inda nake so taya ta bi. Birki kafin rami ake taka shi, a sake shi kafin taya ta faɗa, don in ta shiga da birki a take, gaban motar ne zai dunguri ƙasa. Kunyar da ruwa ya yanka a hanya a karkace ake hawanta, taya ɗaya bayan ɗaya. In zan sauya giya sai ya ce, "Saurari injin, shi zai gaya maka. Ɗauke mai tukuna, taka, sauya, mayar a hankali." Sau biyu ya daka min tsawa saboda na bar ƙafata tana hutawa a kan kuloci. Mai keke ya wuce mu, wata tsohuwa da akuyarta ta kusa wuce mu. A baya ina jin numfashin Asiya, wani lokaci ta ce, "Baban Humaira, mun kusa?" In ce mun kusa, alhali ko rabi ba mu yi ba.

Saura kamar kilomita biyu mu hau kwalta akwai wani kwalbati. Ruwa ya zaizaye gabansa ya bar taɓo, bayan taɓon kuma sai hawa. Ɗanliti ya sa na tsaya, ya daɗe yana kallo.

"Lamba biyu za ka shiga. Mai daidai, kar ka ƙara, kar ka rage. Ko me ka ji, kar ka taɓa kuloci a tsakiya."

Na yi bisimilla na shiga. A tsakiyar taɓon injin ya yi ƙasa da murya, motar ta fara karkarwa kamar za ta mutu. Na san abin da ya ce, yana cikin kunnena. Amma ƙafata ba ta jira ni ba. Ta taka kuloci, hannuna ya wurga lamba ɗaya, na danna mai na saki gaba ɗaya, yadda na saba shekara goma sha biyar. Motar ta zabura ta daki bakin kwalbatin. Asiya ta yi ƙara sau ɗaya, gajeriya, ta yi shiru.

"Innalillahi! Baba, ruwan ya zuba? Ya zuba ko?"

Ya rufe bakin kwanon da hannun rigarsa. "Bai zuba ba. Kalli gabanka. Ɗauke mai, sa biyu, a hankali."

Da ya ce ya zuba, na rantse da a nan zan saki sitiyari in fasa kuka. Da maganarsa na ƙarasa burjin, da ita na yi tafiyar kwalta har birni, ina ratsa cunkoso ba tare da na girgiza kowa ba. Sai da aka shige da Asiya ciki na zagayo zan sauke shi, na ga rigarsa jiƙe sharkaf daga cinya har gwiwa, kwanon kuma saura rabi.

Ya ga inda nake kallo. "Hannuna ne ya yi rawa," ya ce.

Likita ya mintsini yatsunta kamar yadda Malam Sama'ilu ya yi. Ta ji na dama, ba ta ji na hagu ba. Na bi shi har ƙofar ofis ina tambaya ko hanya ce ta jawo. Ya ce kumburi kaɗai yana iya yin haka, ba wanda zai iya rantsewa, kuma da irin hanyarmu mu gode wa Allah da ta iso da ƙafa ɗaya tana ji. Na gode wa Allah, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗanliti ya rasu bara, bayan an gama yankan dawa. Kwana biyu kafin nan na je duba shi, na sake tambayarsa, karo na ban san adadi ba. Ya ce, "Uwaisu, ka cika naci. Na ce maka hannuna ne." Da hannun dama ya riƙe kwanon nan, kuma duk ƙauyenmu an san hannunsa na dama bai taɓa rawa ba har ya koma ga Allah. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa wannan maganar in ba haka take ba, don saboda ni ya yi ta.

Iyalinsa sun ba ni kwanon, yana nan kusa da giyar motata. Yanzu ni matasan tasha suke kira Sai-Gobe, ba na tanka musu. Asiya tana tafiya da sanda, tana jan ƙafar hagu, kullum da safe ina jin jan ƙafar a tsakar gida in za ta madafa. Ita ma ta ji abin da na ji a kwalbatin nan, ta ma fi ni ji. Har yau ba ta taɓa tayar min da maganar ba.