Inna Keziya da Iskar Azahar

Kafin rana ta yi zafi a Arlit, Inna Keziya ta gama sharar tsakar gidanta a unguwar Bukoki. A duƙe take yin ta, tana tsince ƙusa da guntun waya da fasasshiyar kwalba, don cikin yaran da za su shigo akwai mai kai komai baki, akwai mai jifa. Wuƙa da ashana sai saman rumfa. Ta dama kunu, ta jera turame da taɓare, sannan ta gyara ɗaurin zane ta fita gida-gida tana ɗauko su: wanda ba ya magana, wadda ke buga kanta da bango, wanda mushe, wato malamin lakwal, ya koro daga makaranta ya ce ya gaji da shi. Da hantsi za ka gan ta tafe, ɗaya a goye, biyu riƙe da gefen zane, wani can gaba yana gudu tana kiran sunansa.

Ni Zayyadu ne, ga-ruwa. Na yi karen mota, na yi wanki, na yi dako a tasha. Lakwal kuwa tun ina ƙarami na bar ta, benci bai taɓa iya riƙe ni ba. Ruwa nake kai mata, shi ya sa na ga abin da na gani, na kuma ce sai na rubuta shi tun tana raye tana ji.

Daga Maradi ta zo da mijinta, marigayi Tomas, lokacin da ƙarfen uranium ke da daraja. Kasuwa ta faɗi, aka rage ma'aikata har da shi, fari kuma ya koro mutanen daji bakin gari. Da yawa suka koma kudu, ita ta zauna. Cikin wannan yunwa ta ga wani yaro ɗaure a turke kusa da akuya, uwarsa ta tafi surfe gidan wasu. Ta roƙa a ba ta shi yini guda. Yinin nan ne bai ƙare ba har yau.

Ba ta taɓa ce wa yaro "zauna" ba. Taɓarya take ba shi ya yi ta daka har gumi ya keto, sai ka ga shi da kansa ya nemi tabarma. Kirista ce, kuma da farko an yi ta ƙus-ƙus a kan haka. Amsarta ɗaya ce ga iyaye: "Ku yi mishi rubutu, ku yi addu'a, ni ma ina yi. Mai farfaɗiya mu kai shi likita a ba shi ƙwaya. Igiya ce dai ban yarda da ita ba." Ko akuyarta ba ta da turke. Maƙwabciyarta Sa'a kullum sai ta ɗago kai ta katanga:

"Keziya! Wannan gantalalliyar taki ta sake cinye mini dusa!"

"Yi haƙuri Sa'a, ita ma ɗaliba ce, ba ta gama karatu ba."

Lokacin da tawaye ya yi zafi, hanyoyi suka lalace da nakiya, mutanen wajen Gougaram suka shigo gari da abin da ya rage musu. Cikinsu aka kawo wani yaro Ghissa, bai wuce shekara bakwai ba, aka danƙa shi ga kawunsa Alhassane, wanda ya daɗe yana gadi a Arlit. Iyayen yaron sun rasu a hanya. Da safe lafiya lau yake, shiru kamar ba shi. Amma wasu ranaku, ana gab da azahar, sai ya kurma ihu, ya ciji wanda ke kusa, ya sheƙa da gudu ya cusa kansa ƙarƙashin duk abin da ya samu. Wata rana ƙarƙashin kamyo, babbar motar kaya, aka zaro shi, direba ya riga ya tada inji.

Unguwa ta yanke hukunci: iskar azahar ce ta shige shi. Alhassane ya ɗaure shi da igiya, yaron ya tauna ta ya tsinke. Sai ya auna ƙafarsa da zare, ya kai wa maƙeri ya yi masa sarƙa.

Inna ta same shi yana dafa shayi a ƙofar bukkarsa.

"Alhassane, ina gajiya? Mi nike ji, wai ka sa a ƙera ma ɗanka sarƙa?"

"Madam, ɗan ƙanwata ne. Shi kaɗai ya rage mini. In mota ta taka shi, me zan ce wa Allah?"

"Ba ni shi har maƙerin ya gama."

"Yana cizo fa."

Ta miƙa masa hannunta. "Duba nan. Wane haƙori ne bai san hannun ga ba?"

Ya yarda, da sharaɗin in yaron ya sake gudu, sarƙa ce.

Ina wurin ranar da abin ya bayyana. Ina juye ruwa a randa, Inna na wanke-wanke, Ghissa na daka. Sai ya jefar da taɓarya ya ƙwalla ƙara. Ta rungumo shi ta baya, ta naɗe shi da zane, ya kafa mata haƙori a damtse, ba ta sake shi ba har jikinsa ya yi laushi. Can ta dube ni.

"Zayyadu, ka ji wani abu?"

"Ban ji komai ba, Inna."

"Ni ma ban ji ba. Amma ruwan kwanon ga ya yi rawa kafin ya yi ihu. Sun fasa dutse."

Ai kuwa. A ramin ma'adini da nakiya ake fasa dutse, kuma sau da yawa da tsakar rana ake yi. Wani gum ne mai nauyi daga nesa, ƙasa ta ɗan motsa. Mu da muka tashi a garin nan kunnenmu ya daina jin sa, kamar yadda mai gida kusa da injin niƙa ba ya jin inji. Alhassane ma ya daina ji. Gari guda muka zauna muna neman aljani, alhali yaron ƙarar nakiyar da ya ji ranar da ya rasa uwa da uba ce ke dawo masa.

Sai ta tare Almu, wani ma'aikacin ramin, yana jiran motar kamfani.

"Almu ɗana, ranar da za ku fasa dutse ka riƙa gaya mini da safe."

"Inna, rufa mini asiri! A wannan zamani a ji ina ba da labarin nakiya? Sai a ce da ƴan tawaye nake."

"To ga babbar ƴar tawaye nan gabanka, da ciwon gwiwa. In an tambaye ka, ka kawo su gidana su ga rundunata."

Ya yi dariya, sannan ya ce zai nemi izinin shugabansa. Ya samu. Daga nan in zai wuce sai ya ce, "Inna, yau akwai."

Ranar da akwai, tun da hantsi take gaya wa Ghissa da ƴan kalmomin yarensa, Tamajaq, da ta koya: za a yi gum, dutse ake fasawa, ba mutum ba. Ta raba wa yara bido wofi, jarkokin ruwa, su yi ta kiɗa, shi kuma yana kan turmi, tana tsaye bayansa.

Karon farko bai yi ba. Ya fizge, ya haura katanga, sai bakin kwalta na cim masa. Da la'asar Alhassane ya zo, sarƙar na hannunsa, sabuwa fil. Inna ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe kumburarriyar ƙafarta.

"Alkawari na yi, ban musa ba. Amma sai dai ka haɗa da wagga."

"Madam, ke ba ki jin tsoro ya mutu a hannunki?"

"Ina ji, wallahi ina ji. Amma ni baƙuwa ce gare shi. In ƙarar ta zo, nashi yake nema ya rasa. Kai za ka tsaya bayansa."

Alhassane ya ja rawani ya rufe ido, ya daɗe a tsaye. Ya tafi da sarƙarsa. Ya sauya lokacin gadi da wani abokinsa, ranar da Almu ya ce akwai, sai ga shi ya zo ya tsaya bayan yaron. Yara na kiɗa, ƙasa ta motsa. Ghissa ya sandare, fitsari ya bi ƙafarsa, ya damƙi rigar kawunsa da hannu biyu. Bai gudu ba. Ya faɗi kalma ɗaya da yarensu. Alhassane ya juyo ya ce mana, "Dutse. Ya ce dutse."

Ba zan ce ya warke ba. Har yanzu in ƙarar ta zo ba shiri yana faɗuwa ƙasa, kuma maganarsa kaɗan ce. Amma da ƙafarsa yake zuwa gidan Inna, ƙarfe bai taɓa idon sawunsa ba. Sarƙar tana can Alhassane na kulle ƙofar wurin gadinsa da ita.

Inna Keziya, ke ce gawo, mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ke ce kika zauna a garin da kowa ke lissafin ranar barinsa, kika ɗauki ƴaƴan da iyayensu ma suke ɓoyewa in baƙo ya zo. Ba ki tambayi kowa yarensa ko addininsa ba. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sassauta miki ciwon nan.

Gwiwoyinta sun gaza yanzu, ba ta iya zagayen safe. Mu za mu yi shi. Ni da kurar ruwata muna ɗauko na nesa, Sa'a ta karɓi damun kunu, tana yi tana zagin akuya. Ana bukatar wasu, a nan da garin Akokan da ke kusa, don har yau akwai gidajen da in ka shiga za ka ji motsin yaron da aka ɓoye a bayan ɗaki. Iyaye, abin kunya ba ne, ku fito da su. Malaman lakwal, kafin ku kori yaro ku tambayi abin da ya gani. Ku kuma maƙeran Arlit, ku ne ake fara zuwa wurinku. Duk wanda ya kawo muku zare ya ce awon ƙafar yaro ne, ku mayar masa da zarensa, ku tashi daga bakin wuta ku raka shi Bukoki.