Sharhin da Na Ƙi Gogewa

Har yau ranar da aka kira ni ofishin Malam Shu'aibu ba ta fita daga raina ba. Wata Laraba ce cikin damina, idan ban yi kuskure ba, saura mako uku wa'adin gwajina ya cika. Ga wanda bai sani ba, a asibitinmu da ke Kuje sabon ma'aikaci yakan yi wata shida na gwaji kafin a ba shi takardar tabbatar da aiki. Ni ina sashen katin marasa lafiya. Malam Shu'aibu ne shugaban gudanarwa, kuma sa hannunsa nake jira.

Asibitin yana da shafi a intanet inda ake wallafa labaransa, jama'a su yi sharhi a ƙasa. A makon aka sa labarin sabon tsarinmu na tura wa majinyata saƙon waya don tuna musu ranar ganin likita. Sai sanarwa ta zo cewa kowane ma'aikaci ya shiga ya yaba, amma ya ɓoye sunansa, ya rubuta kamar majinyaci. Kafin azahar shafin ya cika da su "Maman Fati" da "Baba Manomi", dukansu abokan aikina ne, ina jin dariyarsu daga teburina.

Ni kuwa na san abin da ke cikin katunan. Manoman da ke zuwa mana daga ƙauyuka irin su Paikon Kore, da yawansu ba lambar kansu suke bayarwa ba. Wani ya ba da ta ɗansa da ke aiki a Idu, wata ta fastonsu, wani ta mai kemis. A da muna rubuta ranar dawowa a bayan kati, mu kuma faɗa da baki. Da aka dakatar da wannan, saƙon sai ya tafi da Turanci, zuwa wayar da ba ta gidan. Ba zan ce tsarin ne kaɗai sanadi ba, amma masu hawan jini da na saba gani sun fara tsallake ranakunsu.

Na yi ta rubuta nawa sharhin ina gogewa. A ƙarshe na sa cikakken sunana, na ce ni ma'aikacin asibitin ne kuma ra'ayina ne kawai. Na ce tsarin ya dace da mai wayar kansa, amma a dawo da rubutu a bayan kati. Ban ambaci majinyaci ko ɗaya ba.

"Habu, kai ne lauyan ƙauye yanzu?" in ji Malam Shu'aibu, ko kujera bai nuna mini ba.

"Oga, sau biyu na kawo maganar nan ofis a rubuce."

"Na gani. Ɗauko wayarka ka goge, mu wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, idan akwai ƙarya a ciki, nuna mini in gyara yanzu."

"Ƙarya babu. Wauta ce." Ya ɗora yatsa a kan wani fayil. "Takardarka ce wannan. Ka yi tunani."

Sai na ji bakina yana cewa, "To a fara da Baba Manomi, oga. Ba majinyaci ba ne, a ɗakin magani yake aiki, kuma mace ce."

Na ƙara da cewa makullin shafin yana hannunsu, suna iya cire sharhin, amma ni da hannuna ba zan goge ba.

Washegari aka rufe sharhi a kan labarin gaba ɗaya, nawa da nasu duka. Ni kuma aka ƙara mini wata uku na gwaji, bisa dalilin "rashin bin umarni". Na sa hannu na karɓa, na rubuta a ƙasa cewa ban amince da dalilin ba.

Ku da kuka shigo aiki bayanmu, mai yiwuwa akwai hanyar da ta fi tawa hikima. Abin da na koya dai shi ne, wanda ke karanta shafin asibiti yana neman inda zai kai mahaifiyarsa ne, kuma yana ɗaukar kowane sharhi a matsayin shaidar wanda ya kwanta a gadonmu. Ka faɗi sunanka da aikinka, ka tsare sirrin majinyaci, sannan ka faɗi abin da ka gani. Wata ukun nan sun yi mini tsawo ƙwarai. Da za a sake kira na ofishin, amsar ba za ta canja ba.