Kwamfutar da Ba Ta Je Kaduna Ba

Ina da tsohuwar kwamfutar tebur a shagona na kayan gyaran babur. Gwanjo na saye ta, da manhajar Linux a ciki, domin wai ita kaɗai ƙarfinta zai ɗauka. A nan nake duba hoton kowane ƙarfe kafin in aika a kawo.

Wata damina ta fara taurin kai. Ina cikin rubutu sai kibod ya ɗauke, linzamin kwamfutar ma ya ƙame, can kuma su dawo. Na sake kibod, na hure ƙura, duk a banza.

Ƙanena, wanda muke shagon tare, ya ce, "Yaya, gobe in ɗora ta a mota in kai Kaduna gyara."

"Ta dajin nan? Kai da ita wa ya fi tsada?"

"To ka zauna kana lallashinta kamar amarya."

Lokacin hanyar ba ta da daɗi ko kaɗan, kuma na san halinsa, idan ya ce gobe to gobe ne. Na ce ya bari kasuwa ta ci tukuna.

Na bi ta yadda nake bin babur mai cijewa: ba na kwancewa sai na san yaushe yake yi. Sai na lura ranar kasuwa ta fi yi.

Ranar kuwa na kafa kujera ina kallo. Wani dattijo manomi daga Dogon Dawa ya shigo, muka gaisa, ya zaro wayarsa da na maƙwabtansa ya soka a wani ɗan akwati mai ramuka da ke haɗe da kwamfutar, inda kibod da linzami suke jone. Mutanen ƙauye sun saba cajin waya a wurina, ban taɓa hana kowa ba. Yana sokawa linzami ya ƙame. Na zare, ya dawo.

"Baba, ashe kai ke shanye mata wuta!"

"Ni? Alhaji, ko ruwanka ban sha ba tukuna."

Na mayar da kibod da linzami ramukan bayan kwamfutar, na kafa wa baƙi soket nasu kusa da benci. Baba ya ce wannan ma ya fi saurin cikawa.

Ƙanena ya yini yana jan linzami ko zai ƙame, amma bai ƙame ba. Da la'asar ya je ya ce wa direban motar Kaduna ya ba wani kujerar da ya kama.