Jegon Gado

Tasalla ungozoma ce a Jiratawa, kuma ba mai sanyin hali ba ce. Rabin ƴaƴan garin ita ta yanke musu cibiya, sauran kuwa ta zagi ubanninsu.

Shekarar da ruwa ya ci tsohon Maraɗi, ƙanenta Gado ya dawo daga yaƙin Nasara da rauni a cinya. A likitar soja sun saba masa da wata allura mai kashe zafi, suka sallame shi, allurar ta bi shi gida a cikin jini. Da ya rasa ta, sai ya koma giya da ƴaƴan zaƙami. Ya rame ya zama kara. Ranar da ya tuɓe tsirara a kasuwar Maraɗi yana faɗa da mutanen da babu su, aka ce kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya ba da umarni a ɗaure shi a kai shi gidan kaso. Wanda aka kai can a mahaukaci, gawarsa ake karɓowa.

Tasalla ta riga su. Ta ɗora shi a jaki ta kai shi ɗakinta. Ba ta san maganin allura ba, amma ta san yadda ake tayar da jikin da ya tashi daga bakin kabari. Sai ta sa shi jego.

Safe da yamma ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen tsamiya, ta fyaɗa masa har fatarsa ta yi ja. Ta hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwantar da shi, ta ɗura masa kunun kanwa. Ya yi amai, ta sake ɗurawa. Ya yi makyarkyata, ya yi kuka, ya zage ta tas. Ita ma ta yi kuka, amma a bayan rumbu, inda ba zai gani ba. Gari ya ɗauka. Har daga Tsibiri mata ke zuwa wai barka, suna ƙunshe dariya.

Ana nan sai ga gardin kumandan, wato dogarinsa Idirisa, da jar hula da igiya.

"Inna, an aiko ni in tahi da shi."

Ta tare ƙofa da muciya a hannu. "Mai jego ka ciki. Yaushe namiji ya hwara shiga ɗakin jego?"

"Inna, ƙato na hwa!"

"Kai ma ƙato na, amma ni na tare ka ranar da ka hwaɗo, baƙi kamar ɗan tsako. Ka ce ma kumandan, su sunka lalata shi, ni ka gyara. In shi na so, shi zo da kainai."

Idirisa ya dubi igiya, ya dubi matan da suka taru. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya koma ya ce bai tarar da kowa ba.

Da aka yi arba'in, ta yi wa Gado aski, ta zaga da shi dangi kamar yadda ake yi wa mai jego. Ya yi kumatu, har ya noma gero daminar nan.

Kada in yi muku ƙarya: bayan girbi ya koma. Aka tsince shi a bakin Gulbi, kwalba a gefensa. Maƙwabta suka ce to, ai ga shi nan, wahalar banza ta yi, ta bar wa Nasara kayansu.

Tasalla ta je ta kwaso shi zuwa gida. Ta ɗauko babbar tukunya, ta gyara murhu. Gado na kwance a ƙofa, ya kasa ɗaga ido.

"Yaya, ki bar ni. Na ba ki kunya."

"Tashi ka shiga," in ji ta, tana tura itace. "Wadda ta haihu tara, sau tara na yi mata wanka. Kai wannan na biyu ne."